Daƙiƙa Bakwai

A kasuwar kifi ta Matosinhos,
inda iskar teku ke shigowa da gishiri a bakinta,
akwai wata mata, Graciete,
shekara talatin da ɗaya tana gyaran kifi a kan tebur guda.
Ban san ta ba.
Da wannan ya kamata in fara.

A tafin hannuna na gan ta,
ƙarfe ɗaya na dare, ina kishingiɗe, barci ya ƙi zuwa.
Daƙiƙa bakwai:
bokiti ya tashi, ruwa ya sauka a kan wani kare,
karen ya zabura,
hoton ya yanke.

Kafin in gyara matashi, mutum dubu tara sun riga ni.
Wani a Braga ya ce a ɗaure ta.
Wata a Toronto, wadda ba ta taɓa shaƙar ƙarnin kasuwar ba,
ta ce ta yi kuka har abinci ya gagare ta.
Wani ya tono sunan titinta,
wani ya tono hoton jikarta ranar da ta gama firamare.
Ni ma na kawo nawa itacen.
Kalma biyar na rubuta,
na tauna su na ji garɗi,
na yi barci irin na mai gaskiya.

Fushi akwai zaƙi idan ba kai za ka biya ba.
Ba gumi, ba tattaki, babban yatsa kawai,
sai ga ka a sahun mutanen kirki,
kowa na gyaɗa wa kowa kai.

Ranar Alhamis wani yaro mai tura kwandunan ƙanƙara,
Telmo sunansa, ya saki sauran hoton.
Minti biyu da rabi.
Tsakar ranar Agusta ce, kwalta na narkewa,
karen ya zube, harshe a waje, numfashi sama-sama.
Ita ce ta bar ciniki,
ta ɗebo ruwan sanyi ta sheƙa masa,
ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo,
ta ɗora kansa a cinyarta
tana kiran sa da wani suna da ita kaɗai ta raɗa masa.

Mutum ɗari biyu da sha huɗu ne suka kalla.
Sauran sun yi gaba.
An samu wani malami a Coimbra da ya yi suɓutar baki,
wutar ta koma rufinsa.

Na goge kalmomina.
Gogewa ba wuya, yatsan da ya rubuta shi ya share.
Amma magana zarar bunu ce.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na je.
An kife teburin.
A jikin ƙyauren, da jan fenti,
ga ɗaya daga cikin kalmomin nan biyar,
ba da hannuna ba, amma na gane ta
kamar yadda mutum kan gane rigarsa a jikin wani.

Maƙwabciyarta, Odete, ba ta ɗago daga wuƙarta ba.
Ta ce, ta tafi ƙauye wurin ƙanwarta,
ta jefa wayar a aljihun tebur, ta kulle.
Kifi kake so ko labari?
Na sayi kilo guda.
Ban san wanda zan dafa wa ba.

Karen yana nan kwance a inuwar teburin.
Ya ɗago, ya shinshina takalmina,
ya kaɗa mini wutsiya,
shi da bai iya karatu ba.

A hanyar komowa wayar ta motsa a aljihuna.
Malamin Coimbra ne, an samo gidansa.
Na duba ta taga, teku na ta aikinsa.
Kifin na ɗiga a tsakanin ƙafafuna,
babban yatsana kuwa
sai ƙaiƙayi yake yi.